Surar Bututun Nano da Ingancin Ƙwayar Sola Mai Rini

A shekarar 1991, Brian O'Regan da Michael Grätzel suka wallafa a mujallar Nature wata ƙwayar sola da ba ta buƙatar silikon. Sun shafa garin titaniyam dayoksaid a kan gilashi mai ɗaukar lantarki, kaurin shafin kimanin maikromita 10, suka jiƙa shi da rini mai sinadarin ruteniyam, suka haɗa shi da wani farantin, ruwan aidin a tsakani. Idan haske ya bugi rinin sai ya saki ilektron, ilektron ɗin ya ratsa garin ya isa gilashi. Ƙwayar ta mayar da sama da kashi 7 cikin ɗari na hasken zuwa lantarki.

Inda gizo ke saƙar shi ne tafiyar ilektron. Ƙwayoyin garin ba su wuce nanomita 20 ba, don haka sai ya tsallaka ɗaruruwansu, yana faɗawa tarko yana fita, kuma a ko'ina ruwan aidin na iya fizge shi kafin ya kai. Wannan ya sa masana suka koma ga bututai. Ana tsoma fallen titaniyam a ruwa mai fuloraid, a sa masa lantarki, sai bututai su tsiro a tsaye, jere da juna kamar saƙar zuma. Ƙarfin lantarkin ne ke yanke faɗin bakin, lokaci da irin ruwan kuma su yanke tsawo. Ayarin Craig Grimes a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka da na Patrik Schmuki a Erlangen ta Jamus ne suka fi yin fice a wannan aiki. Bututan farko da aka yi a ruwan asid ba su kai maikromita ɗaya ba. Da aka koma ga etilin gilaikol sai suka kai ɗaruruwa.

An zaci miƙaƙƙiyar hanya za ta ƙara wa ilektron sauri. A 2007, Kai Zhu da Arthur Frank da abokan aikinsu a cibiyar binciken makamashi ta NREL suka auna, suka ga saurin kusan ɗaya ne da na gari, domin bangon bututun ma tarin ƙananan ƙwayoyi ne masu nasu tarkuna. Ribar tana wani wurin: ilektron yana daɗewa kusan ninki goma kafin ruwan aidin ya kama shi. A 2008 aka ƙiyasta cewa zai iya yin tafiyar kimanin maikromita 100 a cikin bututu kafin ya salwanta.

A ganina wannan sakamako ya rage wa gasar tsawo ma'ana ƙwarai. Tunda ilektron na iya kai maikromita 100, bututu mai maikromita 20 ba shi da matsalar isar da shi. Abin da ya rasa shi ne filin da rini zai kama. Bututu mai faɗin nanomita 100 rami ne mafi yawansa, kuma rami ba ya ɗaukar rini. Ƙara tsawo yana ƙara rini, gaskiya ne, amma haske na ƙarewa tun kafin ya kai ƙarshen bututun, ruwan aidin na wahalar zagayawa, ga shafin na tsagewa ko ya ɓamɓare daga gindi. A 2009 ayarin Grimes ya tsirar da dogayen bututai kai tsaye a kan gilashi, ya samu kashi 6.9 cikin ɗari. Shekara biyar bayan haka, ƙwayar gari mai rinin fofirin da ruwan kobalt ta kai kashi 13 a ɗakin gwajin Grätzel da ke Lausanne.

Shi ya sa gwajin da ya fi jan hankalina shi ne na bututai masu gaɓoɓi irin na gora, wanda ayarin Schmuki ya wallafa a 2008. Sun riƙa ɗaga ƙarfin lantarki suna sauke shi lokacin tsirowa, sai zobba suka fito a jikin bangon, rini ya samu ƙarin wurin zama, inganci ya ƙaru. Ƙanƙantar baki, sirantar bango, da shafa sinadarin titaniyam tetrakuloraid duk manufarsu ɗaya ke nan. Ko bakin bututun ma yana da nasa tasiri: idan aka daɗe ana aikin, saman yakan zaizaye ya zama zare-zare ya toshe ramukan, kuma wajen bushewa bututan kan manne da juna su bar tsagogi. Gashi a zafin kimanin digiri 450 na ma'aunin Salshiyas wajibi ne don bangon ya koma anatas, nau'in titaniyam dayoksaid da ake so, amma idan zafin ya wuce kima sai rutil, nau'in da ba a so, ya fara fitowa daga gindi.

Wani zai ce bututu a kan fallen ƙarfe yana lanƙwasuwa, abin da gilashi ba ya yi. Haka ne, sai dai fallen ba ya barin haske ya ratsa, dole a haska ta baya, ta cikin filatinam da ke jikin ɗaya farantin da ruwan aidin, su kuwa sukan cinye wani kaso.

Batun ya shafi ɗaliban jami'o'in Najeriya da ke gwada rinin zoɓo da na lalle a irin wannan ƙwaya. Rinin tsiro ba ya kama jikin titaniyam dayoksaid da ƙarfi kamar na ruteniyam, don haka ƙarancin fili ya fi yi masa illa. Duk mai kwatanta bututai biyu ya kamata ya faɗi kaurin bango, faɗin baki, ɓangaren da aka haska, da yawan rinin da kowane murabba'in santimita ya ɗauka, wanda ake sani ta hanyar wanke shi da ruwan alkali a auna.