Yadda ake tantance matasan 'yan wasan besbol a Amurka

A farkon kowace shekara, kafin a buɗe kakar wasan besbol a Amurka, mujallu da shafukan intanet na wasanni kan fitar da jerin sunayen matasan da ake sa ran za su zama taurarin gobe.

Akasarin waɗannan matasa ba su taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar ƙasar ta Major League Baseball ba. Suna ƙananan gasanni ne, a garuruwan da ba kasafai ake jin sunansu ba.

Duk da haka, matsayin da aka ba yaro ɗan shekara 19 a irin wannan jeri kan yi tasiri a cinikin 'yan wasa na miliyoyin daloli, kuma kan nuna alƙiblar da ƙungiyarsa ta dosa a shekaru biyar masu zuwa.

Tsarin gona

Ƙungiyoyi 30 ne ke cikin babbar gasar, 29 a Amurka, ɗaya kuma a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Kowace daga cikinsu tana da ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta, inda take renon 'yan wasan da ta ɗauka. Amurkawa kan kira wannan tsari gona.

Branch Rickey, jami'in ƙungiyar St. Louis Cardinals, shi ne ya kafa tsarin a shekarun 1920, saboda ƙungiyarsa ba ta da ƙarfin gogayya da masu kuɗi wajen sayen gwanayen da suka riga suka yi suna. Shi ne kuma daga baya ya ɗauki Jackie Robinson, wanda ya yi shekarar 1946 a ƙaramar ƙungiyar Montreal Royals, kafin ya karya shingen wariyar launin fata a babbar gasar a 1947.

Tun daga garambawul ɗin da aka yi a 2021, ƙananan ƙungiyoyin 120 ne, a matakai huɗu: Single-A, High-A, Double-A da kuma Triple-A, wanda daga shi sai babbar gasa. Ƙasa da waɗannan akwai gasannin sababbin shiga a jihohin Arizona da Florida da kuma Jamhuriyar Dominika.

Ta ƙofa biyu ake shiga gonar. Ɗalibai daga Amurka da Kanada da Puerto Rico suna shiga ne ta zaɓen da ƙungiyoyi ke yi bi da bi a kowace shekara, wanda aka fara a 1965, kuma tun 2021 zagaye 20 ake yi. Matasan sauran ƙasashe, musamman Dominika da Venezuela, ana iya ƙulla yarjejeniya da su kai tsaye tun suna da shekara 16.

Ana ɗaukar ɗan wasa a matsayin mai tasowa matuƙar bai wuce bugu 130, ko jifa na zango 50, ko kwana 45 cikin tawagar babbar gasa ba. Da ya ƙetare ɗaya daga cikin waɗannan, sai a cire sunansa daga jeri.

Ma'aunin 20 zuwa 80

A wasan besbol, mai jifa ne ke wurga ƙwallo, mai bugu kuma ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda, sa'annan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu. Saboda haka hanyar auna masu bugu daban take da ta masu jifa.

Masu farautar 'yan wasa, waɗanda ƙungiyoyi ke aikawa filaye domin sa ido, suna duba abubuwa biyar ga mai bugu: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, iya tsaron fili, da ƙarfin hannu wajen mayar da ƙwallo.

Kowane ɗaya ana ba shi maki daga 20 zuwa 80, ma'aunin da ake dangantawa da shi Rickey. Maki 50 na nufin matsakaicin ɗan wasan babbar gasa. Maki 60 ya ɗara matsakaici, 70 gwaninta ce ta fitattu, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku ke samunsa.

Wasu abubuwan agogo ne ke raba gardama a kansu. Alal misali, tsakanin wurin bugu da tashar farko ƙafa 90 ne. Mai bugu da dama da ya isa can cikin daƙiƙa 4.3 ana ba shi 50 a gudu, wanda ya isa cikin daƙiƙa 4 cif kuma ana ba shi 80.

Ga mai jifa, ana ba kowane nau'in jifansa maki na dabam: jifa mai sauri, da mai lanƙwasa, da mai yaudara wanda ke tahowa a hankali. Kazalika ana auna iya saitinsa. A shekarun baya-bayan nan, matsakaicin jifa mai sauri a babbar gasa ya kai kimanin mil 94 a sa'a guda, wato kilomita 150 da 'yan kai.

Galibi maki biyu ake rubutawa: na yau, da wanda ake hasashen yaron zai kai in ya gama girma. A wannan maki na biyun ne saɓanin ra'ayi ya fi yawa, domin hasashe ne a kan jikin da bai gama ƙosawa ba.

Ido da alƙaluma

An daɗe ana taƙaddama tsakanin masu dogaro da abin da ido ya gani da masu dogaro da ƙididdiga.

A shekarun 1980 marubuci Bill James ya nuna cewa alƙaluman da mai bugu ya tara a manyan matakan ƙananan gasanni za su iya nuna abin da zai yi a babbar gasa, in aka yi musu ragin da ya dace. Littafin Moneyball na Michael Lewis, wanda ya fito a 2003, ya bayyana yadda Billy Beane na ƙungiyar Oakland Athletics ya yi amfani da irin wannan tunani wajen gano 'yan wasan da kasuwa ta raina.

A yau ƙungiyoyin sun haɗa hanyoyin biyu. Tun 2015 aka girka na'urorin Statcast a dukkan filayen babbar gasa, kuma a 2023 suka game filayen Triple-A. Na'urorin suna auna saurin ƙwallo bayan ta bar sanda, da kusurwar da ta tashi, da yawan juyawar da take yi in an jefa ta.

Sai dai alƙaluma ba sa tsayawa su kaɗai. Abu na farko da masu nazari ke tambaya shi ne shekarun ɗan wasa. Ɗan shekara 20 da ke taɓukawa a Double-A ya fi daraja a kan ɗan shekara 25 da ke cin karensa babu babbaka a mataki ɗaya.

Na biyu shi ne fili. A garuruwa masu tudu irin su Albuquerque da Reno, iska ba ta da nauyi, ƙwallo kan yi nisa, don haka alƙaluman masu bugu kan kumbura, na masu jifa kuma su lalace.

Na uku shi ne gurbin da yake tsarewa. Mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu, ko mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, ana yi masa uzuri in bugunsa matsakaici ne, saboda wahalar gurbin. Mai tsaron tashar farko kuwa ba shi da mafita sai ya yi fice da sanda.

Masu fitar da jeri

Mujallar Baseball America ce ta fara fitar da jerin matasa 100 mafiya daraja a 1990, inda Steve Avery na Atlanta Braves ya zo na ɗaya. Tun 2001 kuma take buga littafi duk shekara mai ɗauke da matasa 30 na kowace ƙungiya.

Yanzu akwai jerin MLB Pipeline, da na Baseball Prospectus, da na FanGraphs, da na tashar ESPN. Marubutansu kan halarci wasanni, su tuntuɓi mafarauta da jami'an ƙungiyoyi, sa'annan su gwada abin da suka ji da alƙaluma.

Babban abin da suke aunawa shi ne ƙololuwar da yaro zai iya kaiwa, da kuma haɗarin cewa ba zai kai ba. Wannan ne ya sa akan fifita mai bugu a kan mai jifa in gwanintarsu ta zo ɗaya, saboda yawan raunin gwiwar hannu. Tiyatar da ake kira Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974, kan raba mai jifa da fili na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Wajen auna ƙungiya baki ɗaya, ana duba yawan fitattun da take da su a sama, da zurfin waɗanda ke biye, da kuma kusancinsu da babbar gasa.

Misalin Baltimore

Ƙungiyar Baltimore Orioles ta sha kaye a wasanni 115 cikin 162 a 2018. A ƙarshen shekarar ta naɗa Mike Elias ya jagoranci sake gina ta, shi kuma ya mayar da hankali kan gona.

A wancan lokaci ƙungiyar da ta fi kowa shan kaye ita ke fara zaɓe. A 2019 Orioles ta ɗauki mai cafe ƙwallo Adley Rutschman a lamba ta ɗaya, da Gunnar Henderson a lamba ta 42. Ta sake shan kaye sau 108 a 2019 da sau 110 a 2021, kana a 2022 ta ɗauki Jackson Holliday a lamba ta ɗaya.

Waɗannan ukun sun hau saman jerin Baseball America a jere: Rutschman a 2022, Henderson a 2023, Holliday a 2024.

A 2023 ƙungiyar ta ci wasanni 101, ta lashe rukuninta na gabas, Henderson kuma ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na ɓangaren American League. A watan Fabrairun 2024 ta yi amfani da rarar da take da ita, ta ba Milwaukee Brewers matasa biyu, Joey Ortiz da DL Hall, da gurbin zaɓe guda, ta karɓi shahararren mai jifa Corbin Burnes.

Amma ba a nan labarin ya tsaya ba. Da aka haurar da Holliday a watan Afrilun 2024, sau biyu kacal ya yi nasara cikin bugu 34, aka mayar da shi Norfolk a matakin Triple-A na ɗan lokaci. Ƙungiyar ba ta ci wasa ko ɗaya ba a zagayen fitar da gwani na 2023 da na 2024, kuma a 2025 ita ce ta zo ƙarshe a rukuninta, da nasara 75 da kaye 87.

Ita kuwa Kansas City Royals, wadda ta sami matasa tara cikin 100 na Baseball America a 2011, ta ci gajiyar gonarta. Ta riƙe Eric Hosmer da Mike Moustakas, ta musanya Wil Myers da ƙwararrun masu jifa a 2012, ta kuma lashe kofin World Series a 2015.

Inda hasashe ke kucewa

Daga cikin waɗanda suka taɓa zuwa na ɗaya a jerin akwai Chipper Jones da Alex Rodriguez da Joe Mauer da Bryce Harper, waɗanda duka suka zama manyan taurari.

Akwai kuma Brien Taylor. New York Yankees ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya a 1991 kan dala miliyan 1.55, ya hau saman jeri a 1992, sai ya ji rauni a kafaɗa a wani faɗa a ƙarshen 1993. Bai taɓa buga babbar gasa ba.

A ɗaya ɓangaren, Los Angeles Dodgers ta ɗauki Mike Piazza ne a zagaye na 62 a 1988, bayan an zaɓi mutum 1,389 kafinsa. A 2016 aka shigar da shi zauren karrama gwarazan wasan. Albert Pujols, wanda aka ɗauka a zagaye na 13 a 1999, ya yi ritaya a 2022 bayan ya buga ƙwallo ta tsallake katangar fili sau 703.

Ƙaryar shekaru ma kan ɓata lissafi. A 2006 Washington Nationals ta biya dala miliyan 1.4 kan wani ɗan Dominika da aka ce shekarunsa 16. A 2009 ta bayyana cewa ya girmi hakan da shekara huɗu, sunan ma ba nasa ba ne.

Abin da ke cikin lamarin

Ƙungiya tana da iko da ɗan wasan da ta rena na tsawon shekara shida a babbar gasa, kuma a shekarun farko albashi mafi ƙanƙanta take biyansa, wanda a 2025 ya kasance dala 760,000. Wannan ne ya sa matashi gwani ke da tsada a ciniki, musamman ga ƙungiyoyin da ba su da kuɗi sosai.

Tun 2022 jerin ya shiga cikin dokokin gasar. In matashin da sunansa ya fito a biyu daga cikin jerin Baseball America da MLB Pipeline da ESPN ya yi cikakkiyar kaka, ya kuma zama gwarzon sababbin 'yan wasa, ƙungiyarsa na samun ƙarin gurbin zaɓe. Seattle Mariners ta samu ta hannun Julio Rodríguez, Orioles kuma ta hannun Henderson.

Su 'yan ƙananan gasanni sun shiga ƙungiyar ƙwadago a 2022. Yarjejeniyar 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin shekara a Single-A daga dala 11,000 zuwa 26,200, a Triple-A kuma daga 17,500 zuwa 35,800. Mafi yawansu ba sa kaiwa babbar gasa.

Nahiyar Afirka ba ta jima da shiga wannan kasuwa ba. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda Pittsburgh Pirates ta ɗauka a 2008, ya shafe shekaru takwas a gonar kafin ya zama na farko da aka haifa ya kuma tashi a nahiyar da ya buga babbar gasa, a watan Afrilun 2017. A 2022 Dodgers ta ɗauki matasa biyu 'yan Uganda, Ben Serunkuma da Umar Male.