Yadda Aka Fara Koya wa Masu Jinya Kula da Zuciyar Tsofaffi a Ingila

Aikin kula da tsofaffi a hannun hukuma ya daɗe a Ingila kafin a fara tunanin cewa mai yin sa yana buƙatar wani ilimi da ya wuce na wanki da ciyarwa. Dokar matalauta ta 1834 ce ta baza gidajen gajiyayyu a faɗin ƙasar, kuma da gangan aka tsananta zaman cikinsu domin kada wanda ke da sauran ƙarfi ya yi sha'awar shiga. Sai dai da tafiya ta yi nisa tsofaffi da marasa lafiya ne suka cika su, masu jinyarsu kuwa sau da yawa 'yan'uwansu mazauna gidan ne da ke da ɗan dama-dama, waɗanda ake sallama da ƙarin abinci. Sai a 1897 aka hana wannan irin jinya. Ko bayan haka, tsohon da hankalinsa ya fara ruɗewa, wato mai abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, ana ɗaukar sa ne a matsayin wanda tasa ta ƙare, wanda abin da ya rage masa gado ne da kwanon tuwo.

Likitar da ta fara karya wannan zato ita ce Marjory Warren. A 1935 asibitin da take aiki a yammacin Landan ya karɓi ragamar tsohon asibitin gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka miƙa mata majinyata 714, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta gano cewa da yawansu kwanciyar ce ta kassara su fiye da cutar da ta kawo su. Ta sa aka tashe su, aka haskaka ɗakuna, wasu har suka koma gida da ƙafarsu. Gyaran nata ya fi karkata ga jiki, kuma bai kai ko'ina da ko'ina ba, shaida kuwa ita ce littafin da Barbara Robb ta fitar a 1967, wanda ya tattara bayanan ma'aikata game da yadda ake ƙwace wa tsofaffi tabarau da haƙoran roba da na'urar ji a wasu asibitoci, a bar su zaune yini guda babu mai ce musu kanzil.

Dabarun farko na lallashin zuciyar tsoho daga Amurka suka fito, kuma ba su yarda da juna ba. A 1963 likitan ƙwaƙwalwa Robert Butler ya yi bayanin cewa yawan tuna baya da tsoho ke yi, wanda likitoci ke ƙirgawa cikin alamun lalacewar hankali, aiki ne na zuciya da mutum ke daidaita lissafin rayuwarsa da shi, saboda haka ya cancanci a saurare shi. A daidai wannan zamani wata dabara ta yaɗu daga asibitocin tsofaffin sojoji, wadda manufarta ita ce dawo da majinyaci cikin halin da ake ciki: a kafa allo mai ɗauke da rana da kwanan wata da yanayin gari, ma'aikaci kuma ya riƙa gyara wa tsoho duk kuskuren da ya furta. Amfaninta shi ne ta sa ma'aikata sun fara magana da mutanen da suke wankewa, illarta kuwa tana bayyana ne idan tsohuwa mai shekara casa'in ta tashi da la'asar tana neman mahaifiyarta, aka shaida mata cewa ai ta rasu tuntuni, ta yi kukan rashin sabo, gobe kuma a maimaita. Naomi Feil, wadda ta tashi a wani gidan tsofaffi a Cleveland inda iyayenta ke aiki, ta ga wannan da idonta, ta koyar da cewa ma'aikaci ya bar gardama kan kwanan wata, ya tambayi tsohuwar yadda mahaifiyar take da abin da take dafawa, domin kewa ko tsoro ne ke magana da bakinta.

Wanda ya haɗa waɗannan zaruruwa ya mai da su darasin da za a iya koyarwa shi ne Tom Kitwood na Jami'ar Bradford, mutumin da ya yi limancin coci da koyarwa a Yuganda kafin ya koma nazarin halayyar ɗan'adam. A 1992 ya kafa cibiyar nazarin ciwon mantuwa a jami'ar, a 1997 kuma, shekara guda kafin rasuwarsa, ya fitar da littafin da ya zama tushen abin da ake kira kulawa mai fifita mutum a kan cutarsa. Hujjarsa ita ce lalacewar ƙwaƙwalwa ba ta isa ta bayyana duk durƙushewar da ake gani a tsoho ba, wani kaso daga mu'amalar da ake yi da shi yake fitowa. Ya lissafa halaye 17 da ke rusa mutuncin majinyaci, irin su yi masa magana kamar ƙaramin yaro, da yaudarar sa domin ya sha magani, da gaggauta masa fiye da yadda zai iya bi, da tattauna lamarinsa a gabansa kamar ba ya wurin. Abin da ya sa ma'aikata suka karɓi wannan lissafi mai ɗaci shi ne bai jingina halayen ga mugunta ba. Ya ce gadon sana'a ne, mutanen kirki ma suna aikata su cikin gaggawa da gajiya.

Daga nan hanyar lura da ya ƙirƙiro tare da Kathleen Bredin ta samo asali. Wanda aka horar yakan zauna a gefen falon gidan tsofaffi na sa'o'i, ya sa ido kan mutane ƙalilan, duk minti biyar ya rubuta abin da kowannensu ke yi, ya kuma ba shi maki na walwala ko ƙunci, sannan ya zauna da ma'aikata ya nuna musu, alal misali, cewa wane ya shafe awa biyu babu wanda ya ambaci sunansa.

Gwaje-gwaje sun nuna cewa horo kan kulawa mai fifita mutum yana aiki idan an tsaya a kansa. Binciken da aka wallafa a 2006 a kan gidaje 12 ya gano cewa inda aka horar da ma'aikata, kashi 23 cikin ɗari na mazauna ne ke shan magungunan kwantar da masu taɓin hankali, alhali a sauran gidajen kashi 42 ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin rahoton Farfesa Sube Banerjee na 2009 ya ƙiyasta cewa masu ciwon mantuwa kimanin 180,000 ake ba irin waɗannan magunguna a Birtaniya, suna kuma jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 duk shekara. Amma da aka gwada hanyar lurar Kitwood a gidaje 50, ba a ga wani sauyi na a zo a gani ba, kuma yawancin gidajen da aka ɗora wa ita ba su samu sukunin gudanar da ita yadda aka tsara ba.

A nan ne gizo ke saƙar. Takardar shaidar kulawa da aka ɓullo da ita a 2015, bayan rahoton Camilla Cavendish na 2013, ta sa sanin lafiyar ƙwaƙwalwa da ciwon mantuwa cikin abubuwan da sabon ma'aikaci zai koya, amma albashin aikin yana dab da mafi ƙarancin da doka ta yarda, kuma a shekarar 2022/23 sama da ma'aikaci ɗaya cikin huɗu ya bar wurin aikinsa. Giɓin ne ya sa aka buɗe ƙofar biza ga ma'aikatan ƙetare a Fabrairun 2022, kuma a 2023 Nijeriya, tare da Indiya da Zimbabuwe, tana cikin ƙasashe uku da suka fi tura masu kula da tsofaffin Ingila.