Tarihin Haruffa Masu Ƙugiya a Rumbun Bayanai na Kwamfuta

Duk wanda ya san rubutun boko ya san Hausa tana da haruffa uku waɗanda babu su a Ingilishi, watau ɓ da ɗ da ƙ. A Nijar har da na huɗu, ƴ, wanda a Nijeriya a ke rubutawa 'y. Tun a shekarun 1930 aka soma buga littattafan Hausa da masu ƙugiyan nan, aka kuma ƙara tabbatar da su a taron Bamako na 1966. Su ne ke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun yadda suka shiga rumbun bayanai na kwamfuta, da dalilin da ya sa su kan lalace a ciki.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani, saboda haka sai an yi yarjejeniya a kan lambar kowane harafi. A 1963 Amurkawa suka fito da tsarin ASCII mai gurbi 128, aka ƙara masa ƙananan haruffa a 1967, harafin k ya sami lamba 107. A 1987 aka kafa Latin-1 mai gurbi 256, don harsunan Yammacin Turai irin su Faransanci da Jamusanci. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya tanadi wuri don ƙ. Masu buga Hausa sai suka shiga dabara. Waɗansu suka zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, waɗansu suka riƙa rubuta k' da d', waɗansu kuma suka ƙera zanen haruffa nasu, suka ɗora ƙ a gurbin wata alama dabam. Da zarar an kai rubutun wata na'ura wadda ba ta da zanen nan, sai alamar asali ta bayyana.

Ana cikin haka, a 1970 wani Bature mai suna E. F. Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya bayyana hanyar ajiye bayanai cikin jadawalai masu dangantaka da juna. A kan tunaninsa aka gina harshen SQL, wanda da shi a ke yi wa rumbu tambaya. To, rumbun nan ba ya duba ma'ana, lambobi ya ke gwamawa. In an ajiye baƙi aka nemi baki, ko bak'i, sai ya amsa cewa babu.

Sauƙi ya zo a 1991 da fitowar Unicode, wanda ya ɗauki aniyar ba kowane harafi na duniya lambarsa. A nan ƙ ya sami 409, ɓ 595, ɗ kuwa 599. Amma bayit guda, watau ƙwayar ma'aunin ajiya a kwamfuta, ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, inda haruffan ASCII ke cin bayit ɗaya ɗaya, masu ƙugiya kuwa bibbiyu.

Sai dai rumbunan ba su sake nan da nan ba. MySQL, wanda aka ƙirƙira a Suwidin a 1995, ya daɗe yana ɗaukar kowane sabon jadawali a matsayin Latin-1 in ba a faɗa masa wani tsari ba, har zuwa fitowa ta 8.0 a 2018. Daga nan ɓarna iri biyu ta samo asali, kuma wajibi ne mai gyara ya rarrabe su.

Ta farko, an zuba bayit biyun ƙ, watau 198 da 153, rumbu ya karɓe su a kan haruffa biyu ne dabam dabam. Sai ƙasa ta fito Æ™asa, ɗaki ya fito É—aki. Abin ya yi muni a ido, amma ba a yi hasarar kome ba, gama lambobin suna nan yadda aka zuba su. Maganinsa a ɗebo su ba tare da an taɓa su ba, a sake karanta su da UTF-8. Wanda ya yi garaje ya juya jadawalin kai tsaye, ya tabbatar da ɓarnar ke nan, don kowace baƙuwar alama za ta zama harafi mai zaman kansa.

Ta biyu ta fi tsanani. Rumbu ya gane harafin ƙ ne, ya nemi gurbinsa a Latin-1 ya rasa, sai ya sa alamar tambaya a madadinsa. To, ?ari ɓari ne, ko ɗari, ko ƙari? Na'ura ba ta da hanyar sani. Sai a koma ga takardar asali, ko a nemo Bahaushe ya bi jimla jimla. In sunayen mutane ne a rajistar makaranta ko ta asibiti, babu ma jimlar da za a dogara da ita.

Akwai sauran tarko biyu. A SQL, 'yar alamar nan ta saman 'y ita ce ke buɗe zance ta kuma rufe shi, saboda haka kalmar 'ya'ya ta kan tsinke tambaya a tsakiya, sai an ninka alamar. Sa'an nan in aka jera kalmomi bisa lamba zalla, ƙ da ɓ da ɗ su kan faɗa bayan z mai lamba 122, alhali a ƙamus ɓ na bin b ne, ɗ na bin d, ƙ na bin k.

Abin da tarihin nan ke koyarwa shi ne, kafin a taɓa rumbu a fara kwafe shi, sa'an nan a duba ainihin lambobin da ke ajiye. Wurare uku ne tilas bakinsu ya zo ɗaya: jadawalin, da hanyar da ke kai masa rubutu, da allon da ke nuna shi. Da yake rubuce-rubucen Hausa da yawa suna komawa irin rumbunan nan, ya kamata masana harshe su san wannan tun kafin a fara zubawa, domin rigakafi ya fi magani.