Dokar Ingancin Magani: Nijeriya a Ma'aunin Duniya

Abin da muke son nunawa a wannan takarda shi ne, sau da yawa sai an yi asarar rayuka ake kafa dokar magani. A 1937 wani maganin ruwa da aka haɗa da gubar diethylene glycol ya hallaka mutum fiye da 100 a Amurka. Shekara na zagayowa, a 1938, aka yi doka cewa ba a sayar da sabon magani sai an tabbatar ba ya cutarwa.

Wannan gubar dai ita ce ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990, cikin ruwan farasitamol. Sai a 1993 gwamnatin soja ta kafa hukumar NAFDAC, wato shekara 55 bayan dokar Amurka. To, amma doka daban, zartar da ita daban, domin a 2008 gubar ta sake ɓulla cikin maganin haƙorin jarirai, aka rasa yara fiye da 80.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora Nijeriya bisa mataki na uku cikin huɗu na ma'auninta, bayan Tanzaniya (2018) da Gana (2020). A ganinmu, ofis da ɗakin gwaji ma'aunin ya auna, bai leƙa tiren mai tallar magani a tashar mota ba.