Dam ɗin Kainji: Tarihinsa da Batun Farfaɗo da Shi

A 1964 aka soma gina dam ɗin Kainji a kan kogin Kwara, zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe shi a 1969. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga gidajen kakanninsu, tsohon garin Bussa ya nutse a ƙarƙashin tafkin. An tanadi gurbin injin 12, amma 8 kaɗai aka girka, masu ƙarfin megawat 760.

Rashin gyara a kan kari ya durƙusar da yawancin injinan, har a 2013 gwamnati ta ba kamfanin Mainstream hayar Kainji da Jebba na shekara 30. Da rancen Bankin Duniya aka farfaɗo da injin uku.

To, shin cike sauran guraben zai biya kuɗin sabulu? Ginin yana nan da ƙarfinsa, wannan kuwa shi ne kashi mafi tsada. Abin dubawa shi ne ruwa. Sau biyu tafkin ke samun cikowa a shekara: farin ruwa na daminarmu, da baƙin ruwa mai tasowa daga duwatsun Gini, wanda ke isowa da hunturu. Masunta sun san wannan tun kafin zuwan injiniyoyi. In Jamhuriyar Nijar ta kammala dam ɗin Kandaji, baƙin ruwan nan sai ya ratsa ta hannunta kafin ya iso mu, saboda haka duk lissafin da bai sa Kandaji a ciki ba, ragagge ne.