Likitar da ke sauraren zuciyar jarirai da yatsunta

1/ Jama'a, yau tarihin Helen Taussig na kawo muku, likitar zuciyar yara 'yar Amurka, haifaffiyar 1898. Ku biyo ni.

2/ Harvard ba ta ba mata digirin likitanci a lokacin, sai ta tafi Johns Hopkins, ta gama a 1927. Daga baya jinta ya yi rauni sosai. Likitar zuciya kuma ba kunne! Sai ta koyi ɗora yatsu a ƙirjin jariri ta karanta bugun.

3/ A zamanin, jariran da leɓensu da farcensu ke yin shuɗi yawanci ba sa daɗewa a duniya. Ita ta gano cewa jini ne ba ya isa huhu yadda ya kamata. Ta ce to a buɗe masa wata hanya mana.

4/ Ranar 29 ga Nuwamba 1944 Alfred Blalock ya yi tiyatar farko. Amma wanda ya gwada dabarar a kan karnuka, ya kuma tsaya a bayansa yana nuna masa yadda zai ɗinke jijiyar, Vivien Thomas ne, baƙar fata, ba shi da digiri. Takardar da aka wallafa a 1945 ko sunansa babu. Ni kam wannan na ci min rai.

5/ A 1962 ta je Jamus, ta ga jariran da maganin thalidomide ya nakasa, ta dawo ta yi ta gargaɗin hukumomi. A 1965 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Ƙungiyar Zuciya ta Amurka. Hatsarin mota ne ajalinta, a 1986.