Su Wa Suka Jera Duwatsun Kan Tsauni?

A tsaunukan da ke tsakanin Kafanchan da Jos akwai tsofaffin katangun dutse, jere ba tare da laka ko siminti ba, wasu sun tare ƙasa hawa-hawa kamar matakala. Wasunmu kan ce aikin Turawa ne, wai su suka koya wa manoma hana zaizayar ƙasa. Wasu kuwa sun dage cewa gadon kakanni ne. To, ina gaskiyar take?

Da farko, mu duba inda katangun suke. Turawa sun kama Zazzau a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso Kafanchan wajajen 1927. Ayyukansu a fili suke: reluwe, haƙar kuza da karɓar haraji. Hasali ma, saukowa daga dutse suka riƙa tilasta wa mutane, domin mulkinsu ya yi sauƙi. Su kuwa al'ummomi irin su Kagoro, tsauni ne mafakarsu a ƙarni na 19, lokacin hare-haren neman bayi daga Zazzau da Jama'a. Wanda ya fake a kan dutse, tilas ya noma accarsa a can, kuma gonar gangare ba ta riƙe ƙasa sai da shinge.

Na biyu, maƙwabta shaida ne. Robert Netting ya bayyana irin wannan noma a wurin Kofyar a littafinsa na 1968, haka kuma UNESCO ta karrama Sukur ta Adamawa a 1999, har da gonakinta masu matakala. Kada mu manta da kangon Zimbabuwe, wanda aka daɗe ana jingina wa baƙi, har Gertrude Caton-Thompson ta tabbatar a 1929 cewa ginin 'yan Afirka ne.

Sai dai kada ɗoki ya kwashe mu. Kasancewar ƙauyen Nok a wannan yanki bai mayar da kowace katanga ta shekara 2,000 ba. Dutse ba ya faɗin ranar da aka aza shi. Sai an auna gawayin da ke ƙarƙashinsa, an gwada da bayanin dattawa. Katangar da manomi ya jera a 1930 ma fasahar gida ce, ko da Bature ke mulki.

Saboda haka, mulkin mallaka ya fi kusa da zama sanadin yasar da waɗannan gonaki bisa ga gina su. Aikin da ke gabanmu, ɗalibai da malamai, shi ne mu auna su, mu rubuta sunayensu da harsunan masu su, tun masu fasa dutse ba su riga mu ba.